Tandar da Hayaƙi Ke Yin Ribas: Sharhi Kan Ƙirarta da Haɗa Ta a Gida

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tsire da almuru ya san yadda muke haɗa nama da wuta. An kakkafa tsinkaye a toka sun kewaye garwashi, mai tsire yana juyawa yana ɗiga mai, kafin a kira isha'i an naɗe maka a takarda da albasa da yaji. Naman siriri ne, wutar tana kusa, shi ya sa aikin ba ya jan lokaci. Amma ɗauki ƙirjin sa sukutum, mai nauyin kilo 6, cike da jijiya da kitse, ka aza kan wannan wutar. Bayansa zai koma gawayi, cikinsa kuwa ko wuƙa sai ta yi da gaske.

Irin wannan tsokar ce mutanen kudancin ƙasar Amurka suka mayar abin alfahari. Suna ajiye ta a zafin da bai wuce digiri 107 zuwa 135 a ma'aunin Salshiyos ba, tsawon awa 12 ko 16, hayaƙin itace yana ratsa ta, har jijiyar ta narke ta zama kamar romon ganda, naman ya riƙa rabuwa da yatsa. Su ne suka ɗauki maganar mai haƙuri da dafa dutse suka yi mata injin ƙarfe. Sunan abincin a wurinsu babakiyu, a wurinmu kuwa abin da ya fi kusa da shi banda ce, sai dai tasu ta ci nan take ce, tamu ta ajiya.

Tandar da ake wannan aiki iri-iri ce. Wadda ta fi jan hankalin masu walda a gida ita ce wadda hayaƙi ke tafiya har ƙarshe, sannan ya yi ribas ya dawo ta kan nama. Ana zuzuta ta, ana kuma kushe ta, kuma kowane ɓangare yana da hujja. Abin da ke raba mai kyau da marar kyau bai wuce abu ɗaya ba: hanyar da aka shimfiɗa wa iska a cikinta.

Daga rijiyar mai zuwa bayan gida

Tun ƙarni na 19 mahauta 'yan asalin Jamus da ƙasar Cek da suka zauna a tsakiyar Teksas suke banda naman da bai ƙare a shago ba. Suna gina doguwar tanda ta bulo, wuta a wannan baki, bututun hayaƙi a wancan, nama a tsakiya. A garin Lockhart, shagon Kreuz Market yana wannan sana'a tun 1900.

Komawarta ƙarfe aikin ma'aikatan rijiyoyin mai ne na Teksas da Oklahoma. Ga bututu mai kauri birjik, ga injin walda a bayan mota, ga kwaɗayin nama a daji. Da farashin ɗanyen mai ya faɗi daga sama da dala 30 a farkon shekarun 1980 zuwa ƙasa da dala 15 a 1986, masu walda da dama suka rasa kwangila, sai ƙera tanda ya zama hanyar abinci. A 1987 Joe Davidson ya kai tandu 12 da ya ƙera bikin baje kolin jihar Oklahoma, daga nan sunan Oklahoma Joe's ya samo tushe. A can jihar Jojiya kuma, a ƙaramin garin Nahunta, Ben Lang ya soma sayar da tasa a 1988, kuma sunansa ne aka fi haɗawa da tsarin ribas har yau. A yankinsu naman alade ne kan gaba a wannan girki, a Teksas kuwa sa ne sarki. Tandar dai ba ruwanta, abin da aka aza mata take gasawa.

Ciwon da faranti ya zo warkarwa

Tandar gefe ta asali sassa uku gare ta: babban tanki a kwance inda nama ke zama kan raga, akwatin wuta da aka manna a gefe ɗaya ɗan ƙasa da tankin, sai bututun hayaƙi a ɗaya gefen. Zafi ya fito daga akwatin, ya ratsa nama, ya fice. Ciwonta a fili yake. Naman da ke bakin wuta yana shan azaba, na can ƙurya yana jin sanyi. A tanda mai siririn ƙarfe ba abin mamaki ba ne a ga bambancin digiri 30 tsakanin baki da ƙurya. Mai girki sai ya kwana yana musanya wa nama wuri, kuma duk buɗe murfi zafin da ya tara ne yake tsiyayewa.

Maganin da tsarin ribas ya kawo faranti ne guda na ƙarfe mai kauri. Ana shimfiɗa shi ƙarƙashin raga, daga bakin akwatin wuta har kusa da ƙarshen tanki, a bar rata a can. Bututun hayaƙi kuma a ɗauke shi daga ƙurya a dawo da shi gefen da wutar take. Hayaƙi in ya fito ba shi da hanyar hawa sama, dole ya bi ƙarƙashin faranti har ƙarshe, ya hau ta ratar, ya juyo ta kan nama, sannan ya samu mafita.

Daidaiton yana zuwa ne ta haɗuwar zafi biyu masu saɓani. Farantin ya fi zafi kusa da wuta, yana raguwa yayin da ake nisa. Iskar da ke bisa nama kuwa ta fi zafi a can inda ta juyo, tana hucewa yayin da take dawowa. Inda wannan ya gaza wancan ya cike. Ga kuma nauyin ƙarfen kansa: farantin da ya sha wuta awa guda rumbun zafi ne, ko an buɗe murfi an rufe ba a daɗe tandar ta koma yadda take. Kitsen da ke ɗiga a kansa yana ƙara, yana tashi da ƙamshi ya koma jikin nama.

Sai dai komai da kuɗinsa. An ninka wa hayaƙi tafiya, an kuma sa masa kwana. Iska ba ta son kwana. Duk inda aka matse mata hanya, ja zai ragu, wuta ta riƙa ci a shaƙe, hayaƙi ya yi fari ya yi kauri, nama ya fito da ɗaci mai kama harshe. Yawancin tandun gida da suka ba masu su kunya nan suka faɗi.

Lissafi kafin yanka

Abin da ke jan iska cikin tandar bututun hayaƙi ne. Iska mai zafi ta fi mai sanyi sauƙi, tana hawa bututun, sai ta bar gurbi a baya, sabuwar iska ta shigo ta ƙofar akwatin wuta ta cike. Ba fanka, ba lantarki. Saboda haka kowace kafa a hanyar, tun daga mashigar iska har bakin bututu, sai ta dace da 'yar'uwarta.

Masu ƙira a Amurka suna da ƙa'idojin da suka gada daga gwaji. Mu ɗauki tankin gas mai cin galan 250, wato kimanin lita 946, wanda faɗinsa inci 30 ne, tsawonsa ya kusa ƙafa 8. Galan ɗaya inci 231 ne a awon ciki, wato tsawo sau faɗi sau zurfi, don haka cikin tankin 57,750 ke nan.

Akwatin wuta ana so ya kai kashi ɗaya cikin uku na wannan, wato 19,250. Akwati mai faɗin inci 30, tsayi 26, zurfi 25 ya biya. In ya yi ƙanƙanta, sai an cusa masa wuta fiye da ƙima, itace ya rasa iska. In ya ɗan fi girma ba laifi, ƙaramar wuta a babban ɗaki ta fi ci da tsabta.

Mashigar iska ana ninka girman akwatin da 0.003, a samu kusan murabba'in inci 58. Gara a raba ta biyu: babba a ƙasa, daidai ƙarƙashin inda itace ke zama, don ciyar da wuta, ƙarama a sama don tura zafi cikin tanki. Dukansu da marfi mai zamewa.

Maƙogwaro, wato kafar da ke tsakanin akwati da tanki, tsohuwar ƙa'ida ta ce a ninka girman akwatin da 0.008, a samu 154. A tanki mai faɗin inci 30, wannan rabin wata ne mai tsayin inci 8. Amma ƙa'idar ta fi dacewa da tandar da hayaƙi ke wucewa kai tsaye. Masu ƙera ta ribas da yawa suna ƙara kusan rabi, su kai 230, tsayin rabin watan ya zama kimanin inci 11. Hujjarsu mai ƙarfi ce: kafar da ta yi yawa ana iya rage ta da ɗan ƙarfe, wadda ta yi kaɗan sai an farke walda. Sararin da ke ƙarƙashin faranti da ratar da ke ƙarshensa kada ɗayansu ya gaza girman maƙogwaron. Sarƙa ce, inda ta fi rauni nan take tsinkewa.

Bututun hayaƙi ana ba cikinsa kashi 5 cikin 100 na akwatin wuta, kusan 960. Bututu mai faɗin inci 6 zai buƙaci tsayin inci 34 sama da tanki. Siririn bututu mai tsawo ba ya maye gurbin mai faɗi: hayaƙi yana hucewa kafin ya fita, ya zama baƙin ruwa ya gangaro kan nama.

Waɗannan alƙaluma ba wahayi ba ne, mafari ne da ya yi wa mutane da yawa aiki. Wanda ya zauna da biro da takarda rabin yini ya tsere wa wata guda na gyara.

Tankin gas ba abin wasa ba ne

Dalilin da ya sa ake son tsohon tankin gas shi ne kaurinsa, wanda yakan kai milimita 5 zuwa 6, ga shi an riga an naɗe shi, ga arha. Dalilin da ya sa yake kashe mutane kuma shi ne abin da ya taɓa zama a cikinsa. Gas ɗin furofen ya fi iska nauyi da kusan rabi, yana kwanciya a ƙasan tanki ko da an bar bakin a buɗe. In ya kai kashi 2 zuwa 10 cikin 100 na iskar da ke ciki, tartsatsi ɗaya ya isa. Tankin da ake cewa babu komai a cikinsa ya fi cikakke haɗari, domin shi ne ke da iskar da wuta ke buƙata.

Hanci ba shaida ba ne a nan. Warin da muke ji na sinadarin da ake zuba wa gas ne don a gane yoyo, yana kama jikin ƙarfe ya daɗe, kuma jinsa ko rashin jinsa ba ya gaya maka ko tankin ya tsarkaka. Hanya mafi aminci ita ce a sayi wanda kamfanin gas ya riga ya wanke ya cire masa bawul. In ba haka ba, a fitar da shi fili nesa da gidaje da duk wata wuta, a tabbata babu sauran matsi a ciki, a kwance bawul-bawul da hannu, a cika shi da ruwa da sabulu har ya yi ambaliya ta kafar da ta fi tsayi, a bar shi kwanaki, a zubar a sake cikawa. Yankan farko ana yin sa ne ruwan yana ciki, tare da kiyaye injin lantarki daga jiƙewa. Wanda bai taɓa yi ba ya nemi wanda ya saba. Ba a koyon iyo a tsakiyar kogi.

Akwai ƙarfen da ko kyauta aka ba ka ka ce ka gode. Durom ɗin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, fenti, ko wani sinadarin da ba a san shi ba, bai dace da abinci ba ko an ƙona shi sau goma. Ƙarfe mai rufin tutiya, irin na kwanon rufi da bututun ruwa, in ya sha wuta yana fitar da farin hayaƙi mai sa mai walda zazzaɓi da ciwon ƙirji. Durom ɗin man gyaɗa mai tsabta yana yi don koyo, amma kaurinsa bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba, ba ya riƙe zafi, kuma wuta tana cinye shi cikin 'yan shekaru. Mai son kauce wa duk wannan ya sayi sabon faifan ƙarfe mai milimita 6 ya kai a naɗe masa. Ya fi tsada, amma araha ba ta ado.

Inda hannu ke nuna gwaninta

Yankan ƙofa shi ne wurin da sabon hannu ke fara kuka. Ƙarfen tanki naɗe shi aka yi da ƙarfi, yana ɗauke da wannan ɗaurin a jikinsa. Ka yanke ƙofar gaba ɗaya a tashi guda, sai ta buɗe kamar ɓawon gyaɗa, ba za ta sake zama daidai a gurbinta ba, hayaƙi ya samu hanyar sata. Gwanaye suna zana layin da alli, daga ɗan bayan ƙoli zuwa tsakiyar ciki. Su yanka da siririn faifai, su bar ɗan inci guda a kowace kusurwa da tsakiyar kowane layi. Su bar ƙarfen ya huce. Su yi waldar hinji tun ƙofar tana manne, sannan su tsinke sauran gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya. Daga baya a kewaye bakin da faffaɗan ƙarfe mai inci ɗaya da rabi don ya rufe tsagar, ana ɗiga walda nan da can, ba a ja ta a miƙe ba, domin zafin doguwar walda shi ma yana murɗa ƙofa. A tanki mai galan 250 ƙofa biyu sun fi ɗaya, kuma kowace tana son nauyi a bayanta da zai taimaka wajen ɗagawa, in ba haka ba wata rana za ta sauko kan yatsun wani.

Farantin ribas kada kaurinsa ya gaza milimita 6. Murabba'in mita ɗaya na irin wannan kilo 47 ne, don haka na wannan tanki ya haura kilo 50, a tanadi masu kamawa. Samansa yana zama daidai da saman maƙogwaro, raga kuma inci 4 zuwa 6 a bisansa. Ƙarfe yana miƙewa da zafi: faranti mai tsawon mita 2 da ya ƙara digiri 200 yana ƙara kusan milimita 5. Siririn faranti a bakin wuta lanƙwashewa yake yi, ya tara kitse a inda ba a so.

Kitse shi ne abokin gaba na ɓoye. Ƙirjin sa goma suna zubar da lita da yawa a dare ɗaya, kuma in ya gangara akwatin wuta, gobara ce da ke cinye nama da fenti, wani lokaci har da rumfa. Shi ya sa ake yanka farantin gida biyu a tsaye, a sa ƙarfe mai kusurwa a tsakiya ya zama kwata, kowane ɓari ya ɗan karkato zuwa gare ta. Kwatar ta gangara nesa da wuta, ta ƙare a bututu mai faɗin inci ɗaya da rabi da ya huda ƙasan tanki, da famfo a bakinsa da bokiti a ƙarƙashi. A ƙarshen faranti a tayar da ɗan bango mai inci ɗaya ko biyu don kada mai ya zuba ta ratar hayaƙi. Gefunan kuma a yi musu walda ruf, a gwada da ruwa kafin a ci gaba.

Bakin bututun hayaƙi kada a manna shi a ƙolin tanki. Zafi sama yake so, in mafita tana can zai bi rufi ya fice bai gaisa da nama ba. A sauko da bakin kusa da tsayin raga. Ma'aunin zafi ma haka: a sa biyu, dama da hagu, a daidai inda nama ke kwanciya, domin abin da ke faruwa a rufi ba shi ne abin da nama ke ji ba. Ƙafafu da taya su zo daidai da nauyi, tandar irin wannan tana kusantar rabin tan. Da yawa kan tirela suke ɗora ta, sandar ɗaga gaban tirelar kuma ta zama abin saiti: a ɗan ɗaga ko a sauke, gudun iska da gangarar kitse su canza.

Wutar farko da shaidar burodi

In an gama walda, wutar farko ba ta nama ba ce. Ana hura babbar wuta awa uku ko huɗu don ƙone tsohon fenti da maiƙon masana'anta, a kankare, a wanke. Sannan a shafe ciki da man girki, a sake hura matsakaiciya har man ya kama ƙarfe ya yi baƙi, kamar yadda ake yi wa sabuwar tandar waina. Wannan ne garkuwarta daga tsatsa. Waje kuma fenti mai jure zafi, ko shi ma a bi shi da mai.

Daga nan sai gwajin da ba ya ƙarya. A kai zafi digiri 120, a bar shi ya zauna awa guda, a jera yankan burodi a kan raga daga wannan bango zuwa wancan, a rufe. Bayan ɗan lokaci a buɗe a juya su a inda suke. Taswirar tandar ce a gabanka: wanda ya yi baƙi, wanda ya yi ja, wanda ko ɗumi bai ji sosai ba. In layin da ke kusa da wuta ya ƙone, a ƙara wani guntun faranti a ƙarƙashin na farko a bar iska tsakaninsu. In hayaƙi yana fitowa ta ƙofar akwatin wuta maimakon bututu, an shaƙe wani wuri, a koma kan lissafi.

Hayaƙin da ake nema siriri ne mai ɗan shuɗi, wanda sai an lura ake ganinsa. Ana samunsa da ƙaramar wuta mai harshe a kan garwashi mai kyau, ana ƙara itace ɗaya duk minti 30 zuwa 45. Bututu a bar shi a buɗe, zafi a saita shi da yawan itace da mashigar iska. Mai toshe bututu don ya tara hayaƙi kunkunniya yake tara wa baƙinsa. Itacen ya zama busasshe, wanda ya yi wata 6 zuwa shekara da sarewa. A tsakiyar Teksas itacen oak ne abin so, a gabas hikori, a yammacin jihar meskit. Itace mai ƙaro irin fain, katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara, duk ba sa shiga. Kuma tandar a fili take aiki, ba a ɗaki ko gareji ba, domin iskar gawayi ba ta sallama kafin ta kashe.

Sabon mai tanda ya san wani abu tun da wuri don kada ya zargi ƙirarsa. In zafin cikin nama ya kai digiri 65 zuwa 75, yakan tsaya cik, awa uku ko fiye. Gumi naman yake yi, ruwan da ke tashi daga jikinsa yana sanyaya shi. Wasu suna naɗe shi a takarda su wuce wurin, wasu su jira. Ƙirjin sa yana nuna ne wajen digiri 93 zuwa 95, kaza kuwa 74.

Masu so da masu ƙi

Manyan masu sana'ar a Teksas galibi ba sa amfani da ribas. Aaron Franklin, wanda ya fara sayar da nama a tirela a Austin a 2009, ya kuma ci kyautar girki ta James Beard a 2015, da hannunsa ya ƙera tandunsa daga tankuna masu galan 1,000, kuma hayaƙi kai tsaye yake wucewa a cikinsu. Masu wannan ra'ayi suna son iska mai gudu, wadda ke busar da bayan nama ta yi masa baƙin ɓawo mai ƙamshi. A ganinsu faranti yana rage gudun iska, yana gasa nama daga ƙasa kamar kasko. Bambancin zafi ma a wurinsu kayan aiki ne: kauri ya fuskanci wuta, siriri ya koma baya.

Masu ribas kuma suna cewa ba kowa ne ke kwana gaban wuta kullum ba. Mai dafa wa taron biki yana son ya cika raga da kaji 40 su nuna tare. Tandar tana yafe kuskure, harshen wuta ba ya kai wa nama, wanki kuma da sauƙi: a watsa ruwa kan faranti mai zafi, tururi ya ɗaga dauɗa, a buɗe famfo. Abin da suke biya shi ne ƙarin ƙarfe, ƙarin nauyi, da ƙarin lokaci da itace kafin ta ɗau zafi da safe.

Akwai hanya ta tsakiya: a bar bututu a ƙurya, a jera ƙananan farantai masu ɗaguwa a ƙarƙashin raga, matse kusa da wuta, da rata mai ƙaruwa yayin da ake nisa. Ana iya saita su, ana iya cire su. Amma ba sa tare kitse yadda faranti guda ke yi.

A nawa ganin, girman tanki da irin mai shi su ne alƙalai. Dogon tanki mai galan 500 ko 1,000 yana da filin da zafi zai baje da kansa. A gajeren tanki, galan 60 zuwa 250, inda kusan rabin raga ke bakin wuta, farantin ribas yana mayar da wurin da ba ya amfanuwa ya zama wurin girki. Nan ne ya ci kuɗinsa.

Mu da muke da banda

Hayaƙi da nama ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kifin Baga bandarsa ce ke kai shi kasuwannin kudu, kuma a Gana tun 1969 aka gyara tandar bandar kifi ta Chorkor don ta rage cin itace. Ƙirya, wadda maƙeranmu suka fi son gawayinta, dangin meskit ɗin Teksas ce. Masu walda a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano suna haɗa abin da ya fi wannan wuya kowace rana. Ƙirji da wuya da haƙarƙarin da ke ba uwargida wahala bayan layya su ne ainihin abincin wannan tanda.

Wanda ya yi niyya, ya fara da takarda kafin ƙarfe, ya bar wa iska hanya fiye da yadda yake zato tana buƙata, kada kuma ya kusanci tankin gas da abin yanka sai ya ga ruwa yana malala daga bakinsa. In kuma don babbar salla ake shiri, a sare itacen tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.